Hukuncin Buga Wasan Ban Tsoro Na Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, akwai wani wasan kwamfuta da na sauke kyauta daga intanet, sunansa Slender: The Eight Pages. Mutum zai tsinci kansa a daji cikin dare, daga shi sai tocila, yana neman takardu 8, wani dodo marar fuska yana bin sa. Babu tsiraici a ciki, babu caca. Na fi buga shi da dare in kashe fitila, wani lokaci kuma in zaunar da ƙanena ya buga, mu yi ta dariya idan ya firgita. Abokina ya ce jin tsoron wanin Allah shirka ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara da wasan kansa. Wani mutum ɗaya, Mark Hadley, shi ya ƙirƙire shi ya sake shi kyauta a 2012, ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Mai wasa ba shi da makami ko ɗaya. Batirin tocilarsa yana raguwa, idan ya yi gudu ya gaji, idan ya tsaya kallon dodon sai hoton allo ya fara dishi-dishi har wasan ya ƙare. Duk takardar da ya tsinta, sautin da ke kunnensa sai ya ƙara nauyi, dodon kuma ya ƙara matsowa. Ka ga ke nan ba jini ake nuna maka ba, zulumi ake sayar maka: duhu, kaɗaici, da jiran abin da ba ka san ta inda zai ɓullo ba.

Asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne har sai dalilin hani ya zo. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsaya tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana kare ta da mayafinsa. Gaskiya ne mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan wasu wasanni. Mai littafin Risala ya ce wasan nardu (wanda ake yi da jefa ƙuri'a) da shaɗaranji (wato chess) ba su halatta ba, kuma hadisin hani a kan nardu yana cikin Muslim. Amma nardu da nassi aka hana shi, shaɗaranji kuwa malamai sun yi saɓani, kuma abin da masu hanawa suka fi kafa hujja da shi shi ne shagaltarwa. Wasan da ka siffanta babu ƙuri'a a ciki, babu kuɗin da ake zubawa, kuma tunda mai shi ya bayar da shi kyauta, babu cin haƙƙin wani a sauke shi. Saboda haka buga shi jefi-jefi ga baligi mai lafiyar jiki da hankali ya halatta, ko da yake barinsa ya fi.

Maganar abokinka kuskure ce, kuma a riƙa jin nauyin kalmar shirka kafin a furta ta. Tsoron da yake shirka shi ne mutum ya ƙudurce cewa wani abin halitta yana da ikon ɓoye na cutar da shi ba da nufin Allah ba, har ya kai shi ga rusuna masa ko neman tsarinsa, kamar mutanen da aya ta 6 a Suratul Jinni ta ba da labari. Faɗuwar gaba don wani abu ya yi maka ba-zata kuwa ɗabi'a ce. Allah ya ce game da Annabi Musa, alaihis salam, a Suratul Ƙasas aya ta 21, ya fita daga garin yana mai tsoro yana waige-waige. Wa zai ce Annabi Musa ya yi shirka?

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne yadda kake buga shi. Irin wannan wasa ba ya armashi da rana tsaka cikin jama'a. Ginin sa gaba ɗaya yana kiran ka zuwa tsakar dare, fitila a kashe, abin ji a kunne. Wannan kuwa lokaci ne da Annabi ya ƙi ko hira a cikinsa bayan isha'i, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Barza. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu zuciya tana dukan uku-uku, da wuya ya ga asuba a kan lokaci. Idan wasan ya kai ka ga makara sallah, ya haramta a gare ka, domin illar da Allah ya ambata ga giya da caca a Suratul Ma'ida aya ta 91, wato kange mutum daga ambaton Allah da sallah, ta tabbata a kansa. Haka nan idan ka lura ka fara mugayen mafarkai, ko kana jin fargabar fita alwala cikin duhu, ko kana da ciwon zuciya ko farfaɗiya, to ka bar shi, saboda ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019.

Sai batun ƙanenka, kuma a nan babu sassauci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya tare da Annabi, ɗaya ya yi barci, wani ya je ya ɗauke igiyarsa, ya farka a firgice. Sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Igiya ce fa kawai, kuma da wasa aka yi. To ina ga zaunar da yaro a gaban abin da aka ƙera takanas don ya razana shi, kana gefe kana ƙyalƙyala dariya? Kai ka san dodon ƙirƙira ne, an ƙago shi a intanet a 2009. Yaro ba lallai ya iya raba ƙirƙira da gaskiya ba. A 2014, a jihar Wisconsin ta Amurka, wasu 'yan mata biyu masu shekara 12 sun daɓa wa ƙawarsu wuƙa sau 19 don su faranta wa wannan dodon rai, Allah dai ya yi da sauran kwananta a gaba. Ba ina cewa wasan ne ya sa su ba, labaran dodon suka karanta, kuma an samu lalurar ƙwaƙwalwa a tare da su. Amma abin ya isa ya nuna maka yadda irin wannan sura take zama a zuciyar yaro. Ka daina, ka nemi afuwarsa, ka koya masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya.

Hukuncin nan na wasan da ka siffanta ne kaɗai. Akwai wasannin ban tsoro da ake sa mai wasa ya yi tsafi, ya kira aljanu, ya yi yanka ga gunki, ko a nuna tsiraici da daddatsa gawa. Waɗannan haramun ne ko da kyauta ne, kuma sunan wasa ba ya halatta su.

Allah ne mafi sani.