Amsa: me ya sa rauni ke tsayawa idan ya cike, amma ƙarin cutar kansa (sankara) ba ya tsayawa?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki biyu ce: me ke tsayar da ƙwayoyin halitta idan rauni ya gama cikewa alhali na cutar kansa ba sa tsayawa, da kuma dalilin da ya sa maganin cutar kansa, wato kemo, ke zubar da gashi. Duka biyun tushensu ɗaya ne.

Ƙwayar jikin mutum ba ta rabuwa don ta ga dama, sai an ba ta izini. Yawancin ƙwayoyin baligi suna zaune ne a matakin hutu da ake kira G0, suna aikinsu kawai. Na ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya da wuya su sake rabuwa. Na hanta sukan farka idan wani sashe ya lalace. Na ɓargo da bangon hanji kuwa ba su san hutu ba: bangon hanji yana sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 5, ɓargo kuma yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 kowace daƙiƙa.

Idan izini ya zo, ƙwaya tana bin matakai huɗu. A ƙwayar mutum mai saurin rabuwa, zagayen yakan ci kusan awa 24. A G1, wajen awa 11, tana girma tana tara kayan aiki. A S, wajen awa 8, tana kwafe DNA ɗinta kaf, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, wanda ke naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, da tsawonsu ya kai mita 2 in an miƙe su. A G2, wajen awa 4, tana duba kwafin. Rabuwar kanta, M, awa 1 ce kawai. A nan kuromosom ke dunƙulewa su yi kauri, bangon cibiyar ƙwaya ya watse, zaruruwa su miƙo daga gefe biyu su kama kowane kuromosom a ƙugunsa, su jera su a tsakiya. Kowane kuromosom yana manne da kwafinsa da wani zoben furotin. Sai an yanke zoben sannan kwafi biyun su rabu, ɗaya nan ɗaya can, ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta zama biyu.

Masu tura wannan zagaye furotin ne iri biyu, CDK da saikilin. CDK yana nan kullum, amma ba ya motsi sai saikilin ya manne masa, shi kuma saikilin hawa yake yana sauka, ana ƙera shi ana rushe shi a kan lokaci. Wannan binciken ne ya ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse kyautar Nobel a 2001.

Tsakanin matakan akwai shingayen bincike, kuma na ƙarshen G1 shi ne amsar tambayarki ta farko. Wani furotin mai suna Rb yana riƙe da ƙofar shiga S. Idan fata ta yanke, ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna sakin sinadarin da ke kiran maƙwabta su rabu. Saƙon yana ɗaga saikilin D, shi ya tada CDK4 da CDK6, su kuma su sa Rb ya saki ƙofar. Da rauni ya cike, ƙwayoyi suka taɓa juna ta kowane gefe, saƙon ya ɗauke, sai saikilin D ya faɗi, Rb ya koma ya rufe. Shinge na biyu yana ƙarshen G2, yana hana shiga M idan kwafin bai kammala ba. Na uku yana cikin M: ko kuromosom ɗaya ne zare bai kama daidai ba, ba a yanke zoben kowa.

Sai wani furotin mai tsaro da ake kira p53. Idan DNA ta sami rauni, yawansa yana ƙaruwa, ya sa a ƙera p21 wanda ke toshe CDK har a yi gyara. In gyaran ya gagara, sai ya umurci ƙwayar ta kashe kanta. Kusan rabin kansar ɗan'adam ana samun p53 a lalace a cikinta, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna girman aikinsa.

Kansa ba ta zuwa da kuskure ɗaya. Ɓarna ce ke taruwa, sau da yawa cikin shekaru: furotin mai tura rabuwa irin su Ras ya maƙale yana ta aiki ba tsayawa, mai tsaro irin su Rb ko p53 ya mutu. Mai tsaro yana da kwafi biyu, na uwa da na uba, kuma galibi sai duka biyun sun tafi. Shi ya sa yaron da ya gaji Rb ɗaya a lalace yake saurin kamuwa da kansar ido. Alamarta ta farko sau da yawa farin haske ne a baƙin idon yaro, musamman a hoton da aka ɗauka da filas. Duk wanda ya ga haka ya kai yaron wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Abu biyu sun shafe mu kai tsaye. Ƙwayar cutar HPV tana ƙera furotin biyu, E6 mai rushe p53 da E7 mai ɗaure Rb, ta haka take jawo sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023. Na biyu, gubar afulatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masara idan sun yi funfuna tana lalata p53 a ƙwayoyin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B. A shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a buhu, a tsince wanda ya yi kore ko baƙi a zubar.

Batun gashi kuwa, yawancin magungunan kemo ƙwaya mai rabuwa suke farauta, ba su san ta kansa da ta lafiya ba. Vincristine yana hana zaren nan mai jan kuromosom haɗuwa, paclitaxel yana sandarar da shi, sai ƙwayar ta maƙale a shinge na uku ta mutu. Methotrexate yana hana ta kayan ƙera DNA a matakin S. Saiwar gashi da fatar cikin baki da hanji da ɓargo duk masu saurin rabuwa ne, don haka su ma suna shan duka. Gashi yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan fara magani, kuma galibi yana dawowa bayan an gama.

Ɓargon ne abin lura fiye da gashin. Fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan kemo, shi ya sa ake yawan ba da tazarar kwana 21 kafin na gaba, kuma ake gwajin jini tukuna. Idan mai shan kemo ya yi zazzaɓi da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis. A kai shi asibitin da ke ba shi maganin a ranar, ko da dare ne.