Karen kiwo ko karen farauta: amsoshin tambayoyin masu dabbobi

Wani mai tumaki da awaki ya tambaya ko zai iya sayen kare ɗaya tak da zai riƙa taya shi kora dabbobi, ranar da babu aiki kuma ya fita da shi farautar zomo.

Malam, taura biyu ba sa taunuwa. Duk karnukan nan gado ɗaya suka ci daga kyarkeci, wanda in zai kama nama yakan hango shi, ya ƙura masa ido, ya laɓaɓa, ya bi da gudu, ya cafke, sannan ya kashe. Masu kiwon karnuka sun daɗe suna zaɓen iyaye har suka raba wannan hali gida-gida. Karen kiwo an bar masa ƙura ido da laɓaɓawa da bi, aka danne masa kisa. Shi ya sa Border Collie, ɗan asalin kan iyakar Ingila da Sukotland, yake zagaya garke, ya duƙa, ya tsare tumaki da ido, ya tattaro su gaban mai su ba tare da ya kai wa ko ɗaya baki ba. Tun 1873 aka yi gasar wannan aiki a garin Bala na yankin Wales.

Karen farauta mai gudu kuwa, irin su Saluki da Azawak da Greyhound, an bar masa halin har ƙarshensa. Da ya ga abu na gudu ba ya tsayawa sai ya kama, kuma Greyhound na kaiwa kusan kilomita 70 a awa. A idonsa, ɗan akuya mai tsalle-tsalle da zomo duk ɗaya ne. Ko bai yi cizo ba, kora kaɗai tana iya sa tunkiya mai ciki ta yi ɓari. In kuma karen kiwon ka koya wa kama zomo, to ka tayar masa da abin da aka sha wuya kafin a kwantar. Tunda dabbobin nan su ne jarinka, ka sayi na kiwo, ka bar farautar ga wani karen daban da ba zai riƙa shiga garke ba.

Wata baiwar Allah kuma ta ce kura da dila ne ke ɗauke mata awaki da dare. Wanne za ta zaɓa cikin biyun?

'Yar'uwa, babu ko ɗaya. Wannan tambaya tana damuna, domin da yawa sun kashe kuɗi a kan karen da ba shi ne maganin matsalarsu ba. Mai kora dabbobi daban, mai gadinsu daban. Abin da kike buƙata shi ne kare mai gadin garke, kamar Kangal na Turkiyya ko Maremma na Italiya. Shi ba ya kora, ba ya bi. Yana kwana cikin awakin, yana ɗaukar su 'yan'uwansa, in baƙon nama ya matso sai ya tare shi da haushi da girman jiki. A Namibiya, ƙungiyar Cheetah Conservation Fund ta fara raba wa makiyaya karnukan Anatoliya, masu gadin garke 'yan asalin Turkiyya, tun 1994 don wannan aikin. Sirrin yana wajen raino: a sa ɗan kwikwiyon cikin awaki tun yana da kamar mako 8, a kai masa abincinsa can, kada yara su mai da shi abin wasa a tsakar gida. Sai kin yi haƙuri, don yawancinsu ba sa gama nutsuwa sai sun kusa shekara 2. In wurinki da zafi, ki guji masu kaurin gashi sosai, ki kuma tanadar masa inuwa da ruwa.

Mai shanu ya tambaya ko karen tumaki zai iya da bijimai. Wasu na iyawa, amma wanda aka yi domin shanu shi ne Australian Cattle Dog, mai cizon dunduniya ya kauce kafin harbi ya same shi. Kada ka sake shi kan 'yan tumaki, ya fi ƙarfinsu.

Ga manomin da ɓeraye suka addabi rumbunsa, ƙaramin kare irin Jack Russell ya ishe shi. Sai dai ya killace kajinsa, domin mai kashe ɓera ba ya tausayin ɗan tsako.

Sauran tambayoyin kan saye da lafiya ne. Kada sunan iri ya ruɗe ku. Ku nemi ganin uwa da uban kwikwiyon suna aiki, domin akwai Collie da yawa da tun kakanninsu ba su taɓa ganin tunkiya ba. Karen kiwo da aka ɗaure babu aiki zai koma korar yara da babura, don haka wanda dabbobinsa ba su fi biyar ko shida ba gara ya haƙura da shi.

A yi masa allurar rigakafin haukan kare yana da wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Kada a jefa masa ɗanyen kan tunkiya ko kayan ciki. Daga ɗanyen kan ne yake ɗaukar tsutsar da ƙwayayenta ke fita a kashinsa su zuba a ciyawa, tunkiya ta ci, tsutsar ta kai ƙwaƙwalwa, sai a ga dabba tana juyawa wuri guda. Maganin praziquantel na kashe wannan tsutsa a cikin kare. Kuma kada a ɗebi allurar ivermectin ta shanu a yi wa kare da ka, musamman dangin Collie, domin wasunsu na da gadon da ke sa maganin ya shige musu ƙwaƙwalwa, har ya kai ga mutuwa.