Kan Ƙara Wa Turbo Ƙarfi Ba Tare Da Gyara Hanyar Mai Ba

Malam, ka ce bayan an ƙara wa turbon motarka (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin) matsin iska, takan shaƙe kuma injin yana ƙwanƙwasa idan ka taka ta a hanyar Zariya. Alamu sun nuna man da ke shiga bai kai yawan iskar ba. A tafiya ta yau da kullum injin fetur yana ƙona kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, amma idan turbo ya buɗe yana buƙatar kusan kashi 12 na iska ko ƙasa da haka ga kashi 1 na mai, wato mai ya ƙaru, domin ƙarin man yana sanyaya ɗakin ƙonewa. Idan man ya gaza, zafin yakan narka fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin.

Ka fara da auna matsin mai yayin da motar ke gudu, saboda famfo mai rauni yakan yi lafiya a tsaye. Daga nan a duba matacin mai da injektoci, wato na'urorin da ke fesa mai cikin injin. Kuskuren da na fi gani shi ne a sayo manyan injektoci a Ƙofar Ruwa a ɗaura ba tare da an sake saita kwamfutar injin ba, sai motar ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi.

Zafin Kano a watan Afrilu yana ƙara wannan ƙwanƙwasa, haka ma man bumburutu, don haka ka guje shi. Saitin kwamfutar kuwa sai gwani mai na'urar auna iska da mai, kuma kafin ka kai masa, don Allah ka rage matsin turbon.