Amsar Baffa Kan Neman Asalin Gidanmu

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso. Ka ce wani abokin aikinka a can Ingila ya kai ka taron ƙungiyar Guild of One-Name Studies, inda kowane mamba yake ɗaukar sunan iyali guda ɗaya ya bi diddigin duk wanda ya taɓa amsa shi a ko'ina a duniya. Kana tambaya ko a al'adarmu akwai irin haka, kuma ko za ka iya yi wa sunan da ke fasfonka rajista. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai hanyar tasu ba za ta kawo ka gida ba, kuma ga dalili.

Mutanen Ingila sun daɗe da tsayar da suna ɗaya ga kowane gida. Zuwa wajen shekarar 1400 yawancinsu suna gadon sunan daga uba zuwa ɗa, ko da ɗan Smith bai taɓa riƙe guduma a maƙera ba. Sannan ga rubutu. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1837 gwamnati ta fara nata rajistar, ƙidayar 1841 kuma ta rubuta sunayen mutanen kowane gida. Ƙungiyar da ka gani, wadda aka kafa a 1979, a kan wannan tarin takardu take tafiya. Har gwajin jini suke haɗawa da shi, saboda akwai ƙwayar halittar da ke bin layin maza kamar yadda sunan nasu yake bi.

Mu kuwa suna ba ya zama wuri ɗaya. Yaro yana amsa sunansa na yanka ne a haɗe da na ubansa, shi ma idan ya haihu sai ɗansa ya ɗauki nasa. Haka addini ya koyar a Suratul Ahzab, a kira kowa da ubansa. To ka ga in ka tara duk masu amsa Ibrahim ko Abdullahi daga Sakkwato zuwa Sudan, ka tara jama'ar Annabi ne kawai, ba dangi ba. Da boko ya zo kuma sai aka riƙa laƙaba wa ɗalibi sunan garinsu don a bambanta shi da takwarorinsa. Daga nan aka samu Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa tun yana makaranta, daga baya ya koma amsa Bello, sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gidajen da suna ya tsaya musu, irin gidan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, ƙalilan ne, kuma abin bai daɗe ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka ba mu da hanyar sanin asali. Muna da ita, amma gida da unguwa da sana'a take bi. A Kano in aka ce mutum Ba'agale ne, ko daga Tokarawa ko Kambarin Barebari yake, an gaya maka kakanninsa fataken goro ne masu zuwa Gwanja. Wangarawa tarihi ya ce sun iso Kano zamanin Sarki Yaji da addinin Musulunci. Fulanin birni kuma kowa ya san Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa da Joɓawa, har da sarautar da ke gidan kowannensu. Tsagar fuska da kirarin gida da wasan da ke tsakaninmu da wasu, duk shaidu ne. Mu fatauci ne asalinmu, shi ya sa muke da 'yan'uwa a zangon Kumasi waɗanda sunansu bai yi kama da naka ko kaɗan ba, alhali kaka ɗaya ya haife ku.

Saboda haka ka fara da mutane kafin takarda, kuma ka fara da mata. Gwaggonka babba ta fi ni sanin wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya rasu bai bar baya ba. Ka zo da kanka ka zauna gabanta, ka riƙo mata ɗan abin hasafi, ka nemi izininta kafin ka kunna rikoda a waya. Kada ka yi mata tambayar ɗan sanda. Kuma ka lura da alkunya: ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ka samo su daga bakin wani. Duk wanda aka ce maka Abba ko Baffa ko Ummi, to sunan wani babba aka mayar masa, ka nemi na yankan. Haka Ɗanjuma da Ɗanladi da Tanko, laƙabi ne. Sai batun riƙo, wanda ya fi komai rikitar da mai bincike. Yara da yawa an kai su makaranta da sunan baffan da ya riƙe su, takarda ta ce ɗansa ne, jini kuwa ya ce ɗan wansa ne. Ka rubuta dukkan biyun. Ka kuma rubuta dangin uwa da 'yan'uwan shan nono, waɗanda ƙungiyar suna ba ta damu da su ba, mu kuwa a kansu halaccin aure yake tsayawa.

Bayan nan sai takardu. Mafi amfani su ne na rabon gado daga kotun alƙali, don suna jera magada ɗaya bayan ɗaya, sai takardun cinikin gida da gona, da abin da malamai kan rubuta da ajami a bangon littafi ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa. Rahotannin haraji na zamanin Turawa sukan faɗi tarihin gari da jerin dagatai, amma da wuya su ambaci talaka.

Abu ɗaya nake roƙonka. In kana tono za ka ci karo da maganar bauta da ƙwarƙwarori, a gidanmu ko a gidan maƙwabta. Ka rubuta gaskiya a littafinka, amma kada ka sa ta a intanet ba tare da yardar masu ita ba, kada kuma ta zama abin gori. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi.

In ƙungiya kake so, a kafa ta da sunan kakanmu na Gwanja, a ce zuri'ar wane, kowane ɗaki ya ba da mutum ɗaya mai tattara sunaye. Washegarin Babbar Sallah kowa yana gari, zan tara su a zaure. Ka sanar da ni ranar isowarka da wuri don in aika wa mutanen Kumasi.

Ka gaishe min da maiɗakinka da jikokina.

Baffanka.