An kafa turaku a gonarmu ta gado: mu tumɓuke, ko mu nemi kuɗin ƙasa?

Tambaya: Barista, gonarmu ce ta gado tun daga kakanmu, wajen eka tara, a ƙauye nesa da birni, kuma muna da takardar dagaci. Makon jiya ma'aikata suka zo da safiyo suka kafa turaku, suka ce gwamnatin jiha ta ba wani kamfani wurin don noman shinkafa, wai za a biya mu kuɗin amfanin gona. Ba wanda ya ba mu takarda. A ciki akwai masara da ba ta nuna ba, mangwaro goma sha ɗaya, ɗorawa huɗu da rijiya. Ƙannena sun ce mu tumɓuke turakun. Ni kuwa ina ganin tunda gonarmu ce, ko su bar mana ko su saya a farashin kasuwa. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin komai ka ja wa ƙannenka kunne kada su taɓa turakun nan. Tumɓuke su ba zai dawo da gona ba, abin da zai jawo shi ne a mayar da maganar ƙasa ta zama ta laifi, a tuhume su da ɓarna ko hana ma'aikaci aikinsa, ku koma neman beli maimakon neman diyya. Amsar da zan bayar ta dogara ne kacokan a kan abin da ka rubuto, ban ga takarda ko ɗaya ba, kuma tsarin aiki yakan bambanta daga jiha zuwa jiha.

Inda lissafinka ya karkace shi ne wajen kalmar “gonarmu ce”. A al'ada da wajen rabon gado haka ne, taku ce. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashenta na farko, ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. A Arewa ma wannan ba baƙon abu ba ne, dokar ƙasa ta 1962 da ta Turawa ta 1910 duk a kan wannan turbar suke. Dokar 1978 kuma an kafe ta a sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999, don haka ba ta gyaruwa sai ta hanyar gyaran kundin. Ke nan idan gwamnati ta karɓi ƙasa bisa ƙa'ida, ba ciniki ake yi ba, babu tayi, babu albarka.

Wannan ba ya nufin ba ku da komai. Sashe na 36 na dokar 1978 ya ce wanda yake noma ƙasar da ba ta cikin birni tun kafin dokar ta fara aiki a Maris ɗin 1978, ana ɗaukarsa tamkar ƙaramar hukuma ta ba shi haƙƙin riƙo na gargajiya, ko da bai taɓa zuwa ofis ba. Idan kakanku yana noma wurin tun lokacin, a bisa zahiri haƙƙin ya gangaro gare ku. Saboda haka duk ma'aikacin da ya ce muku tunda ba ku da satifiket ɗin gwamna, wato C of O, ba ku da bakin magana, ko dai bai karanta dokar ba, ko yana fatan ku ne ba ku karanta ba. Sai dai a bincika ko an ayyana yankin a matsayin birni, domin gwamna yana da ikon yin haka, kuma yana iya sauya sashen da ya shafe ku. Takardar dagaci kuwa ku adana ta, shaida ce mai kyau cewa ku ne a kan wurin, amma dokar ba ta ba dagaci ko hakimi ikon mallaka wa kowa ƙasa ba, kada ku ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne rashin takarda. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin riƙo don maslahar jama'a, amma da sharaɗi: jami'in da aka ba izini ya sa hannu, a kuma isar da sanarwar ga mai riƙe da wurin. Haƙƙin ba ya faɗuwa sai sanarwar ta iso. Zuwa da safiyo ba sanarwa ba ce, taro a ƙofar gidan dagaci ma haka, kuma kotuna sun sha rushe karɓar ƙasa saboda wannan. To amma kafin ka yi murna, ka tabbatar. Sashe na 44 ya yarda a bar takarda a gidan da mutum ya saba zama, ko a aika ta gidan waya da rajista, ko a liƙa ta a wurin idan an rasa sanin mai shi kuma ba a tarar da kowa ba. Gonar gado mai magada da yawa, sau tari wani baffa ne ya karɓa ya cusa a aljihu. Ka tambayi kowa a gidan. Kuma ko kun yi nasara a kan wannan, babu abin da zai hana gwamnati sake fitar da sanarwa daidai. Makamin ciniki ne mai kyau, ba lallai ya zama na dawo da gona har abada ba.

Batun kamfani ma yana da fuska biyu. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation ta 1991, ta nuna ba a ƙwace ƙasar wani don a miƙa wa wani ya yi harkar gabansa a kira shi maslahar jama'a. Amma sashe na 51 ya saka bunƙasa noma da masana'antu cikin abin da ake kira amfanin jama'a, kuma lauyoyin gwamnati nan za su fake. Wane ɓangare zai rinjaya ya danganta da dalilin da aka rubuta a sanarwar da irin yarjejeniyar da ke tsakanin jihar da kamfanin. Ba zan yi maka alƙawarin nasara a nan ba.

Yanzu diyya, inda a ganina ya kamata ƙarfinku ya tafi. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta, in ban da kuɗin hayar da mutum ya biya gwamnati a shekarar da aka soke, wanda manomin ƙauye galibi bai biya ba. Abin da ake biya shi ne abin da aka ɗora a kanta. Gini da makamantansa, inda rijiyarku ya kamata ta shiga, ana biyan kuɗin sake yin irinsu a cire tsufa, da kuɗin ruwa idan an yi jinkirin biya. Amfanin gona kuwa, da itatuwa masu amfani a yadda aka saba, jami'in gwamnati ne yake yanka musu farashi bisa jadawalin jihar, kuma irin wannan jadawali yakan daɗe ba a sabunta shi ba.

Saboda haka ranar ƙirga ita ce ranar wanka. Kada a yi ta ba ku nan. Yawancin asarar da manoma ke yi a nan take faruwa: a rubuta mangwaron da ke ba da 'ya'ya a matsayin dashe, a tsallake ɗorawa wai ba shuka ta aka yi ba, a auna masara da ido, a manta rijiya, ko a sa sunan wanda aka ba aron wani ɓangare a matsayin mai gona. Tun yau ku ɗauki hoto da bidiyon kowace bishiya da mutum tsaye a gindinta don girmanta ya fito, ku auna zurfin rijiyar, ku nemo mahaƙanta ko rasiɗin siminti idan akwai. Ku rubuta sunayen maƙwabtan gona na kusurwa huɗu. A ranar, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a fom ɗin da ba a cike ba, ku nemi kwafi, in an hana ku ɗauki hotonsa. Idan an zo biya, a karanta takardar karɓa da kyau. In tana cewa an biya ku duka ba sauran magana alhali ba ku gamsu ba, kada ku sa hannu sai lauya ya gani. Masu kimanta kadara da za su zo neman ku ba su wakilci, ku tabbatar suna da rajista, a kuma rubuta kasonsu tun farko. Magada kuma, har da mata, su amince a rubuce da wanda zai yi magana da yawunsu, don rigimar cikin gida ta fi komai ba ofis uzurin riƙe kuɗi.

Idan kuɗin bai yi ba, sashe na 30 ya ce a kai wa kwamitin rabon ƙasa na jiha. Akwai sashe na 47 da ya nemi hana kotu duba yawan diyya, sai dai sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya tanadi biya ba tare da jinkiri ba da damar zuwa kotu, kuma an samu hukuncin da ya fifita kundin. Ƙofar babbar kotu ba a rufe take ba. Amma shari'ar ƙasa tana cin shekaru, masara kuwa ba ta jiran ɗage zama. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara; ga jami'an gwamnati wani lokaci wata uku ne kacal, kuma ko da yake ana jayayya kan shafarsa ga rikicin ƙasa, bai kamata ku gwada sa'a da shi ba.

Shawarata ita ce ku haɗu da sauran waɗanda abin ya shafa, lauya ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa a cikin makon nan, da kwafi ga ƙaramar hukuma, hakimi da kamfanin, yana neman sanarwar sokewa da taswirar wurin, yana kuma neman zaman sulhu. Kamfanin da ya zuba jari ba ya son umarnin kotu ya tsayar masa da aiki, don haka yakan yarda da abin da doka ba ta tilasta masa ba. A teburin ku nemi a bar ku ku girbe masarar, a sake ƙirga a gabanku, a ƙara wani abu a kan jadawali, a kuma ba ku wata gonar. Wannan na ƙarshe, sashe na 6 na dokar 1978 ya ce idan aka soke haƙƙin riƙo na gargajiya a kan gonar noma, ƙaramar hukuma za ta ba mai ita wata gonar.  Duk abin da aka amince a rubuta shi da ranar biya, a kuma nuna muku sabuwar gonar da ƙafa, a kafa mata iyaka, kafin katafila ta shiga tsohuwar.