Ina son ɗinka riga irin ta kakannin kakanninmu, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, kuma ina da sha'awar tufafin da. Na ga wani tsohon hoto na kakan mahaifina sanye da riga mai aska takwas, sai na ɗinka irinta da shadda don in sa ranar Sallah. Na kwaikwayi aikin sosai, amma da na saka sai ta fito kamar rigar zamani. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin masu waiwayar wannan aiki sun yi ƙaranci. Hannunka bai yi laifi ba, yadin ne ya ba ka kunya.

Rigar da ka gani a hoton ba daga bandir aka yanko ta ba. Masaƙi ne ya saƙa siraran ƙyallaye, kowanne faɗinsa bai wuce yatsu uku zuwa huɗu ba, sannan aka jera su aka haɗa da allura ɗaya bayan ɗaya har suka zama riga. Waɗannan layukan haɗi su ne ƙashin bayanta. Su ke ba ta nauyi, su ke sa idan mutum ya naɗe hannuwanta a kafaɗa ta zauna daram. Shadda kuwa falle ɗaya ce mai santsi, tana zamewa, tana ɗaukar ido. Ko da ka zuba mata aikin duniya, ido zai gane.

Saboda haka fara da neman saƙi, wato saƙar nan ta shuɗi da fari mai kama da jikin zabo, ko fari saƙar hannu idan farar riga kake so. In ka samu masaƙi, ka kai masa hoton, ka yi haƙuri da shi, don ba aikin mako ɗaya ba ne. Idan kore ce a ranka, wato rigar nan mai rinin baba mai ƙyalli, sai an kai marina. Karofin Ƙofar Mata a Kano har yau ana rini da baba da toka, daga nan a kai mabuga su buge ta da shuni har ta yi ƙyalli. Garin Kura ma ya yi suna a wannan fanni, shi ya sa ake cewa ɗan Kura. Sai dai ka sani kore tana zuba a jiki, kuma ruwa yana kashe ƙyallinta.

Sai batun zare, inda nan ne na fi son ka natsu. Masu aikin da sun fi amfani da tsamiya, siliki ne na gida da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da toka, mata su kaɗa shi da mazari. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya walƙiya. Ɗauki tsohuwar riga ka shafa aljihunta da yatsa, za ka ji aikin ya taso, ga ƙananan huji-huji a jere kamar saƙar zuma, kowanne an zagaye shi da allura. Keke ba ya fitar da wannan. Ka tuna a 1851, shekarar da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano ya rubuta yadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, a shekarar ce Isaac Singer ya yi wa kekensa na ɗinki rajista a Amurka. Duk rigunan da Barth ya gani aikin hannu ne. In tsamiya ta gagara, nemi zaren auduga kaɗin hannu. Wanda zan hana ka shi ne zaren roba mai sheƙi.

Kada ka manta da shafi, wato yadin da ake ɗinkawa ta cikin bakin riga. A rigunan manya akan yi shi da alharini, jan silikin da fatake ke kawowa ta Sahara, sai an ɗaga hannu a hango shi. Jan yadi marar sheƙi zai tsaya maka a madadinsa.

Zanen kuma kada ka dogara da hoto kaɗai, domin bai nuna maka baya ba, alhali aikin yana haurawa ta kafaɗar hagu ya sauka a baya, inda ake sa tambari, wato zanen nan mai kewaye. Je ka gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano, ko ka roƙi dattawan unguwarku masu ɗinkin hannu su buɗe maka adaka. Zariya ba ta rasa su ba. A da ma wani malami ne ke zana aikin a jikin yadin, wani ya ɗinka.

Shawarata ka fara da aska biyu a kan ƙaramar riga, hannunka ya faɗa, kafin ka tunkari aska takwas wadda kan ci watanni.

Ranar sakawa, haɗa ta da buje da taguwa a ciki, da hula ko rawani na kowa da kowa. Amma alkyabba da rawani mai kunne biyu ka bar wa masu su, don alamun sarauta ne, kuma a Zazzau ana lura da wannan. Idan ka gama haɗa ƙyallayen, turo min hoton ciki da waje in duba maka kafin ka ɗora zane.