Amsa ga Hajiya kan zaman natsuwa na masu barin shaye-shaye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari saƙonki, inda kike cewa ƙaninki da ke Amurka ya shiga wata ƙungiyar masu barin shaye-shaye, sun ɗora masa zama shiru na mintoci kullum da safe, kina kuma tambayar me zama zai yi wa mutumin da ƙwaya ta yi shekaru tana juya shi.

Bisa bayaninki, ƙungiyar irin Recovery Dharma ce, wadda aka kafa a 2019 bayan ta ɓalle daga wata ƙungiya makamanciyarta mai suna Refuge Recovery. Waɗanda suka taɓa faɗawa cikin jarabar su ne ke tafiyar da taron da kansu, sukan fara da zaman natsuwa na kimanin minti 20, sannan karatu, sannan kowa ya faɗi halin da yake ciki. Tushen tunaninsu daga koyarwar Buddha yake, wanda ya ce asalin wahalar ɗan Adam ita ce "tanha", kalmar da ma'anarta a harshen Pali, wato tsohon harshen littattafan addinin Buddha, ita ce ƙishirwa. Duk wanda ya taɓa zama da mai jarabar ƙwaya ya san kalmar ta dace, domin ƙishirwa ce da shan ke ƙara mata ƙarfi.

Abin da ake yi a zaman ba shi da yawa. Mutum zai zauna ya sa hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa, idan tunani ya ɗauke shi, ya lura, ya dawo, ko da sau ɗari ne. Wannan dawowar ita ce horon. Marigayi Alan Marlatt, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Washington, ya kwatanta ƙawar ƙwaya da igiyar ruwa, wadda takan taso ta kai ƙololuwa, sannan ta kwanta da kanta idan ba a biye mata ba. Ana koya wa mutum ya nemi inda ƙawar take a jikinsa, ko ƙuncin ƙirji ne, ko bushewar maƙogwaro, ko rawar hannu, ya zuba mata ido har ta wuce. Daga aikinsa ne aka tsara wani shiri na mako 8 domin hana masu jinya komawa gidan jiya.

Dalilin da ya sa suke nacewa a kan kullum kuwa shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba zama da ƙaramin ƙaiƙayi ko gundura a lokacin da hankalinsa ke kwance ba, ba zai iya jure babbar ƙawa da tsakar dare ba, alhali lambar dillali tana cikin wayarsa.

Na san batun addini na ranki, kuma damuwa ce mai tushe. Ba sa sharɗanta wa kowa ya zama ɗan Buddha, amma karatunsu daga can yake, don haka ya kyautu ya tattauna da malamin da ya amince da shi. Shirin mako 8 da na ambata kuwa babu ibada a cikinsa.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi, Hajiya: ki tabbatar yana ganin likita. Barin giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kanta na iya jawo jijjiga har ma da rasa rai, masu jarabar ƙwayoyi dangin opiyam kuma akwai magunguna irin su methadone da buprenorphine da ake ba su. Idan kun yi waya, ki tambaye shi ko ya yi zamansa na yau, da yadda ya ji. Allah Ya ba shi lafiya.